Yadda na gyara takalmina na farauta da ya fara shan ruwa

Masu shiga fadama da asuba ne kaɗai zasu gane idan nace ruwa a cikin takalmi yana iya ɓata maka fita gaba ɗaya. Ni farautar tawa ba wata ta a zo a gani bace, makwarwa ce da zabon daji da zomo, wani lokaci gafiya, a fadamun da ke bin kogi ta wajen Wudil, kuma mun fi fita bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin ciyawa tana jiƙe sharkaf da raɓa, ƙasa kuma bata gama tsotsewa ba. Takalmin nawa dogon but ne irin na turawa mai wuce idon sawu, ƙasa da gaba fata ce mai santsi, wuyan kuma yadi mai kauri, a gwanjo na saye shi a Ƙofar Wambai naira 18,000. Shekarar farko ko a laka na tsaya safata a bushe take dawowa gida. Da shekara ta zagayo sai na fara jin sanyi a yatsun ƙafar hagu tun kafin rana ta fito, kafin hantsi kuwa ina tafiya ina jin cakal cakal, in na cire ƙafar tayi fari ta yamutse, har cin ruwa ya fara kama min tsakanin yatsu. Wani zai ce to ka sa rembut mana na roba, eh akwai shi, amma duk wanda ya taɓa yin tafiyar wuni a cikin rembut ya san yadda yake dafa ƙafa, ga ƙaya tana huda shi, kuma ni a wurin da ake gamuwa da kububuwa na fi natsuwa da fata mai kauri.

Da na faɗa a cikin abokan fita, shawara sai da ta fi ƙarfina. Wannan yace baƙin mai zan shafa, wancan yace kitsen saniya, wani yace basilin, wani kuma yace ai leda kawai ake sawa a ƙafa kafin a zura takalmi. Ledar dai tana aiki na awa ɗaya ko biyu, bayan nan gumi ne zai jiƙa ka fiye da ruwan da kake gudu. Baƙin mai kuwa na ga takalmin mai bada shawarar da idona, fatar tayi laushi tiɓis ta saki jiki, gam ɗin gefe duk ya ɗaɗɗago, ga wari da ko kare baya son matsowa, dan haka ban ko tsaya a kansa ba.

Wurin farko da na je shine wajen wani shumeka a bakin titin unguwarmu, saboda na lura a gaban takalmin hagun robar ta ɗan buɗe baki daga jikin fatar. Yana karɓa ya ɗauko basilla yace zagaye shi zai yi da ɗinki ya huta. Nace a'a tsaya, in ka huda shi ai ƙofofi ka ƙara wa ruwa. Yayi dariya yace oga duk takalman sojoji ma haka muke musu. Muka dai daidaita a kan ya liƙe kawai, ya tsiyaya sufa gulu a wurin ya danne da hannu, ko minti biyar ba'a yi ba ya miƙo min, na bada 500. Fita ɗaya nayi dashi wurin ya sake buɗewa, har ya fi da, domin sufa gulu in ya bushe ƙanƙarewa yake yi, shi kuwa gaban takalmi wuri ne da ke lanƙwasawa a kowane taku, sai ya tsattsage ya bar wani farin ɓawo mai tauri wanda daga baya sai da aka sha wahalar kankare shi. Ba wai bawan Allahn bai iya aikinsa bane, silifas da sau ciki yake gyarawa kullum, wannan irin takalmin ne ba nasa ba.

Wani dattijo cikin mafarautan garinmu ne yace in koma inda na saye shi, cikin Wambai ta ɓangaren masu harkar fata da takalma, in tambayi masu gyaran but. Na je da safe wajen ƙarfe goma, na sha tambaya kafin a nuna min wani tsoho a wata ƴar rumfa, gabansa cike da takalman ma'aikata da na masu gadi. Na gaishe shi na zauna a benci, akwai mutum biyu a gabana, na kusa awa guda ina jira. Da layi yazo kaina ya juya takalmin, ya zura hannu ciki, ya danna gefen sol ɗin da farce, sannan yace, "Ɗana, ta ina yake shan ruwan?" Nace Baba ai ga wurin nan a gaba. Yace, "Wannan wanda ka gani kenan. Je ka wanke shi ka gano sauran, in ya bushe ka dawo. Kuma kar ka shafa masa ko ɗigon mai, in mai ya taɓa fata gam baya kamawa." Raina bai so ba gaskiya, na biya kuɗin adaidaita na zo, ga jira, a ce in koma da kayana a hannu. Amma maganar danna sol da farcen nan ya min bayaninta kafin in tashi, kuma duk mai sayen but a gwanjo ya kamata ya sani. Yawancin irin waɗannan takalman akwai wani soso tsakanin robar ƙasa da jikin takalmin wanda ake ce wa PU, shi wannan damshin iska yana cin sa a hankali ko ana sa takalmin ko yana ajiye, shi yasa zaka ga but fes kamar sabo amma sati ɗaya sol ya zube yana marmashewa. In ka danna ka ga yana burtsewa ko yana danƙo, to maganar hana ruwa ma bata taso ba, sai dai a canza sol gaba ɗaya. Nawa Allah ya taimake ni da sauransa.

Da na dawo gida na cire igiyoyin da shimfiɗar ciki, na kakkaɓe busasshiyar laka da tsohon buroshi, sannan nayi gwajin da ya koya min. Na cusa takardar jarida a ciki har gaba, na zuba ruwa a baho daidai yadda zai rufe sol kaɗai, na tsayar da takalmin a ciki na ɗora dutse dan kar ya taso, bayan kamar minti goma na zaro takardar na duba inda ta jiƙe. Sai na sa sabuwar takarda na ƙara ruwa ya hau kan yatsu, haka haka har zuwa idon sawu. Amfanin yin sa hawa hawa shine kana sanin a wane tsayi ruwan ya fara shiga, in ka nutsar dashi gaba ɗaya lokaci guda komai zai jiƙe baka san ta ina ba. A na hagu wuri uku na samu: bakin gaba da na riga na sani, sai ɗinkin da ya haɗa harshen takalmin da jikinsa ta ƙasan igiya, zaren ya cinye, sai kuma wata siririyar tsaga a inda fatar ke naɗewa in ka taka. Na dama kuwa takarda ta fito a bushe duk da nima ina jin damshi a cikinsa a daji. Ashe shi ba yoyo yake ba, fatar ce ta bushe take shan ruwa tana riƙewa, in ta jiƙe sai tayi nauyi tayi sanyi kuma gumin ƙafa ya rasa hanyar fita, kai kuma ka rantse ruwa ne ya shiga.

Nan ne ya kamata in yi bayanin yadda ake haɗa su, don sai da na gane wannan sannan komai ya zauna min. But mai hana ruwa kariya biyu gare shi. Ta waje ita ce fatar da maganin da aka shafa mata a kamfani wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare, wannan yana gogewa da tafiya cikin ciyawa da laka, kuma shi ne ake iya sabuntawa. Ta ciki kuma wata siririyar leda ce mai siffar safa da aka ɓoye tsakanin fata da yadin da ke taɓa ƙafarka, irin su Gore-Tex da makamantansu, ƙofofinta sun yi ƙanƙanta ga ɗigon ruwa amma tururin gumi yana wucewa. Ita wannan in ƙaya ta huda ta, ko farcen babban yatsa, ko yashi ya goge ta ta dunduniya, ko basillar shumeka, babu mai ɗinke maka ita. Duk abinda zaka yi daga nan ƙarfafa katangar waje ne kawai.

Wanki na yi shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanka mara ƙamshi kaɗan, da buroshin haƙori a layin ɗinki. Banda omo, yana tsotse man fata kuma abinda ya saura a jiki yana jawo ruwa ne maimakon korarsa. Cikin ma na ɗauraye shi sosai, yashin da ya fito daga ciki ya bani mamaki. Shanya ita ce ta fi cin rai, a inuwa ake yi inda iska ke wucewa, a cusa jarida ana canzawa in ta jiƙe. Uwargida ta ga ya daɗe a zaure tace in kawo ta ajiye min kusa da murhu, nace a'a na gode, zafin wuta da ranar tsaka suna ƙona fata ta ƙanƙance ta tsage kuma suna sakin gam. Da yake iskar hunturu ta fara kaɗawa bai wuce ƴan kwanaki ba ya bushe ƙarau, in da damina ce sai ka ninka haƙuri.

Na koma wajen Baba da wuraren uku na yi musu alama da alli. Wannan karon bai ce komai ba sai ya jawo wuƙarsa ya kankare sufa gulun nan yana tsaki, ya goge fuskokin biyu da sanfefa har suka yi kaushi, ya share da ɗan tsumma mai fetur kaɗan ya bari ya sha iska. Gam ɗinsu na shumeka mai ruwan ƙwai ya shafa siriri a robar da kuma fatar, sannan ya ajiye takalmin gefe ya kama wani aikin. Nace Baba ba za'a haɗa ba? Yace, "Gaggawar nan ita ke kashe muku takalma. Sai ya daina kama yatsa." Wajen minti goma sha biyar ya taɓa, ya haɗa, ya bubbuga da guduma a kan ƙarfensa, ya naɗe gaban tam da robar tsohon tif na mashin. Ɗinkin harshen kuma bai yi sabon huji ba, tsofaffin ramukan ya bi da allura da zare mai kaki, a fatar waje kawai ba tare da ya ratsa ciki ba, wannan ya ɗauke shi lokaci don wurin matsattse ne. Tsagar fatar yace ba ta ɗinki bace, ya cika ta da gam siriri yace sauran aikin kaki ne. Ya caje ni 3,000, na roƙi ragi ya bar min 2,500, yace kar in kwance robar sai gobe warhaka kuma kar in taka shi sai jibi.

Daga nan na shiga neman abin shafawa, wanda shine ya fi cin kuɗin mota. A intanet sunaye biyu na fi cin karo dasu, Nikwax na Ingila wanda ake shafawa a jiƙaƙƙiyar fata bayan wanki, da Sno-Seal na Amurka wanda asalinsa kakin zuma ne. Na zaga Sabon Gari wajen masu takalma da masu kayan shumeka, abinda ake miƙo min kawai folish ne, baƙi ko ruwan ƙasa, shi kuwa folish ƙyalli ne aikinsa, raɓar safiya ɗaya ta wanke shi. A wani shago na samu feshin gwangwani na hana ruwa wanda aka rubuta na yadi da fata mai gashi gashi, na saya 4,500 saboda wuyan takalmin. Na ƙasar waje kuma da na lissafa kuɗinsa da na kawowa ya kusa rabin kuɗin takalmin, sai nace tunda ɗayan ma kakin zuma ne ai muna dashi. A wajen masu zuma a kasuwar Rimi na samu, dunƙule kamar rabin sabulu 1,500. A kula, ana haɗa shi da kyandir, na gaskiya yana ƙamshin zuma kuma in ka murza ɗan guntu a yatsa yana laushi yana danƙo, mai kyandir kuwa farfashewa yake. Man kaɗanya na 500 na ƙara, ɗanye wanda ba'a sa masa turare ba.

Dalilin haɗa su biyun shine kaki shi kaɗai yayi tauri, sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, baya shiga fata da daɗi, man kaɗanya kuma zafin jiki ma yana narkar dashi, in shi kaɗai ne rana ɗaya ta Kano ya zama ruwa ya kwashi ƙura kuma ya sa fatar tayi laushin da bata riƙe ƙafa. Ni kashi ɗaya kaki kashi biyu kaɗanya nayi, a gwangwanin madara, na tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har suka narke suka haɗe. Kar a ɗora gwangwanin kai tsaye a wuta, kaki yana kamawa. Da ya huce ya zama kamar man shafawa mai kauri, na ajiye takalmin a ranar hantsi na ɗan lokaci fatar tayi ɗumi, ɗumi fa ba zafi ba, na dinga lakata da yatsa ina murzawa, na fi dagewa a layin ɗinki da inda fata ta haɗu da roba da wurin tsagar nan. Aka yi sa'a akwai wuta ranar, na ari handirayar uwargida bayan dogon bayani, na bi shi daga nesa nesa, kana gani fatar tana shanye shi. Na bari ya kwana, na ƙara shafi na biyu siriri, washegari na goge ragowar da tsumma. Wuyan yadin ban sa masa kaki ba, feshin nayi masa a tsakar gida sau biyu da tazara a tsakani, na rufe fatar da jarida.

Abu biyu zasu faru da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya fara. Launi zai canza, nawa ruwan ƙasa ne mai haske ya koma kusan baƙi, kuma in fatarka mai gashi gashin nan ce kaki zai kwantar da gashin har abada, irin wannan feshi ko maganin ruwa ake mata. Na biyu takalmin zai rage numfashi, ƙafa zata fi gumi da rana. Shi yasa masu yin but mai ledar ciki basa son a cika masa maiƙo mai nauyi, kuma da nawa sabo ne ledarsa lafiya lau da ba zan sa masa kaki ba sam, wanki da feshi sun isa. Amma takalmin da ledarsa ta riga ta gaji, ni a ganina gara gumi kaɗan da ruwan fadama.

Na maimaita gwajin baho. Har kan yatsu da harshe takarda a bushe, na ji daɗi ba kaɗan ba. Da ruwa ya kai idon sawu kuma na barshi ya jima, sai ga ɗan damshi a dunduniyar hagu. Na haska cikin da fitilar waya na ga yadin wurin ya goge har ya huje, ledar ta tafi kenan a nan, ruwan da ya samu ratsa yadin wuya yana gangarowa ya shiga. Na nuna wa Baba da na je wucewa, ya liƙa min ƴar fata mai laushi a cikin dunduniyar dan kar hujin ya ƙaru, 500, yace wannan iyakar abinda za'a iya kenan. A daji dai yanzu raɓa da laka da tsallaka ɗan ruwa duk ba matsala, in dawo da safa a bushe, amma in na tsaya a ruwa mai zurfi cikin kacala na daɗe, hagun yana sanar dani. Duka duka abin ya ci min wajen 10,000 banda kuɗin mota, kuma kakin da ya rage zai kai ni shekara.

Wanda zai yi nasa, jerin shine abinda ya fi muhimmanci: wanki, gwajin ruwa, bushewa, gam da ɗinki, sannan mai a ƙarshe, in ka juya shi ka fara da mai to gam ba zai sake zama a wurin ba sai an sha kankara. Safa ma tana da nata, ta auduga tana riƙe gumi ta sa ka zargi takalmi a banza, mai kauri ta ulu ko ta ƴan ƙwallo ta fi, kuma a yanke farce. Duk dawowa daga fadama ina ɗauraye lakar tun bata bushe ba saboda busasshiyar laka tana zuƙe man fata, in na yayyafa ruwa na ga ya daina dunƙulewa yana shiga jiki to lokacin ƙarin shafi yayi, kuma ko ba'a fita ina shafa masa sau ɗaya a tsakiyar hunturu don iskar nan ita ke fara tsaga fata tun kafin ruwa ya samu hanya. Wurin ajiya kuma a rataye shi sama a inuwa, kar a ƙulle a leda, kar a bari a ƙasa, ɓeraye suna son ƙamshin man kaɗanya sosai, na wani abokinmu harshen suka cinye masa a dare ɗaya. Kuma kafin a zura ƙafa da asuba a juya shi a bubbuga saboda kunama.